Zaren da na ɗaura wa yaran makarantarmu

Goggo Hassana, sallama da fatan alheri. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin na yi wani abu da hannuna wanda ya hana ni sakat, kuma duk wanda zan kai wa kuka a nan kusa yana cikin masu yaba mini a kansa.

Ni shugabar wata ƙaramar makarantar firamare ce mai zaman kanta a Jos, ki yafe mini ba zan faɗi sunanta ba. Tana nan tsakanin Rikkos da Jos Jarawa. A Rikkos aka haife ni, haƙar kuza ce ta kawo kakana garin nan, kuma ban san wani gari ba sai shi. Yaranmu sun kusa ɗari biyu, Musulmi da Kirista kusan rabi da rabi, kuma da wannan nake alfahari a ko'ina, domin bayan rikicin 2001 makarantu irin tamu sun yi ƙaranci, bayan na watan Nuwamban bara kuwa sai dai a ƙirga su da yatsu. Ƙofofinmu biyu ne: babban get da ke kallon hanyar Rikkos, da wata 'yar ƙofar baya da ke fita ta wajen Jarawa.

Ranar wata Talata cikin watan Fabrairu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ana tsakiyar darasi, jita-jita ta taso daga Tina Junction wai an fara rikici. Kin san halin da Jos ke ciki yanzu, akuya ma in ta ruga a guje sai an rufe shaguna. Kafin mu ankara wasu samari uku suka hauro katangar baya, biyu riƙe da adduna, ɗaya da bindiga ƙirar gida. Har yau ban san ko su wane ne ba, ban san ko biyo su aka yi ko su ne suka biyo wani ba. Suka ratsa filin makaranta da gudu, suka hankaɗe Baba Badung, dattijon da ke mana gadi, suka fice ta babban get. Ba su taɓa yaro ko ɗaya ba. Mu ne muka ji wa kanmu ciwo. Yara suka ɓarke daga azuzuwa, malamai biyu suka riga ɗalibansu fita, iyaye suka cika get suna turereniya, wasu ko takalmi babu. Wani yaro ɗan aji uku ya karye a hannu, wata yarinya kuma sai bayan la'asar muka gano ta a ƙarƙashin teburin wata mai sayar da dankali a bakin titi. Ni da ake kira shugaba na tsaya a tsakiyar fili ina kiran sunayen yara, ba mai ji na. Ranar na ji kunyar kaina kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan na yi rantsuwa ba za a sake samun mu haka ba. Muka zauna da mataimakina, Malam Natana'el, wanda muka shekara goma sha ɗaya muna aiki tare ba mu taɓa saɓawa ba sai a kan jan biro. Muka ƙara tsawon katanga, muka sa wa azuzuwa sakata. Wannan duk ba shi ne matsalar ba. Matsalar ta zo ne da muka kai ga maganar yadda za a fitar da yara in abu ya sake faruwa. Duk ɗan Jos ya san abin da ya fi kashe mutane a rikici shi ne a rutsa da kai a ɓangaren da ba naka ba. Sai na ce to mu raba yaran tun daga cikin makaranta: Musulmi su bi malamai Musulmi ta babban get zuwa Rikkos, Kirista su bi Malam Natana'el ta ƙofar baya zuwa Jarawa, kowa ya faɗa hannun nasa. Da yake a cikin ruɗani ba mai lokacin duba rajista, na sayo zaren ulu kala biyu a kasuwar Taminus, kore na Musulmi, ruwan ɗorawa na Kirista, na ce a ɗaura wa kowane yaro a wuyan hannu. Ni na kawo shawarar, Goggo, ba zan ɗora wa kowa ba. Malam Natana'el ya ce tunda yake bai taɓa jin dabara mai kyau irin wannan ba.

Wurin ɗaurawar na fara jin wani abu a raina, amma na danne shi. Da suna na so in raba su, sai na tarar sunan ba ya rabawa. Muna da Musa uku, biyu coci suke zuwa. Ga su Ladi, ga su Yakubu, ga su Maryamu. Dole na riƙa durƙusawa gaban ɗan shekara shida ina tambayar sa, gidanku masallaci ake zuwa ko coci? Wani yaro ya ce mini babansa masallaci, kakarsa coci, shi kuma duk inda ake raba biskit. Muka yi dariya, na ɗaura masa kore. Baba Badung ne kaɗai ya ɓata fuska. Ya ce shekara goma sha huɗu yana bakin ƙofar nan, shi abin da ya sani kowane yaro da hannun da yake kamawa in an tashi. Na ce masa wannan zancen tsaro ne na zamani. Ya koma bakin ƙofarsa.

Ranar Laraba muka yi gwaji. Aka hura usur, cikin minti huɗu yara suka rabu layi biyu, kowane layi ya nufi ƙofarsa. Na ji daɗi ƙwarai, har da tafi. Sai na hango wata yarinya 'yar aji biyu mai suna Yael a layin ɗorawa tana turjewa tana kuka, tana miƙa hannu wajen ƙawarta Kausar da ke layin kore. Na ɗauka shagwaɓa ce irin ta yara, na ce a lallashe ta a wuce da ita.

Abin da na sani amma na manta, ko in ce ban tsaya na tuna ba, shi ne gidan su Yael a cikin Rikkos yake. Mahaifiyarta Esther ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu, kuma tana cikin Kiristoci ƙalilan da suka ƙi tashi daga unguwar. Katangarsu ɗaya da gidan su Kausar. Maman Kausar ce ke ɗauko yaran biyu kullum, a wurinta Yael ke cin abincin rana har uwarta ta dawo daga aiki. A rikicin bara kwana huɗu Esther da 'yarta suka yi a uwar ɗakin matar nan, ba wanda ya ji ko tarinsu. To tsarin da na yi da hannuna, in da gaske ne, zai fitar da Yael ta ƙofar baya zuwa unguwar da ba ta san kowa ba, ya bar matar da ta ɓoye ta tana tsaye a babban get tana jira.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Na ce kada a cire zaren, don kada a manta da shi a gida. Yael ta koma Rikkos ita kaɗai da ɗorawa a tsakiyar masu kore, yaran layi suka tambaya, 'yan makarantarmu suka yi musu bayani dalla-dalla yadda na koya musu. Kwana biyu bayan haka, lokacin tara, na leƙa ta taga na ga yara sun ƙirƙiro sabon wasa: 'yan kore na bin 'yan ɗorawa da karan masara, in an kama ka sai ka faɗi ka mutu, sannan a juya. Sunan wasan wai rikici. Na kasa ko fita in tsawata musu.

Ranar Litinin Esther ta zo ofishina da kayan aikinta a jiki. Ba ta ɗaga murya ba, ta ma gaishe ni da ladabi kamar kullum. Ta ajiye mini zare biyu a kan tebur, koren Kausar da ɗorawar Yael, ta ce Maman Kausar ce ta yanke su da almakashinta. Sannan ta ce, "Malama, shekara tara ina Rikkos, har lokacin wuta, ba wanda ya sa ma yarinya na alama. Sai ke." Ta ce Yael ta tambaye ta ko masu ɗorawa ne za a fara kashewa shi ya sa ake fitar da su ta baya. Tun ranar yarinyar ba ta sake zuwa makaranta ba, kuma na ji 'yan'uwan Esther da suka daɗe suna matsa mata ta tashi sun samo mata ɗaki a wata unguwa, ta kuma amince.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Ƙarshen watan nan akwai taron iyaye da malamai, inda za a amince da tsarin ya zama dokar makaranta. Yawancin iyaye suna son sa, Musulminsu da Kiristansu. Wani uba ya ce mini tun ranar Talatar nan bai samu kwanciyar hankali ba sai da ya ga zaren a hannun ɗansa. Malam Natana'el ya ce abin da ya faru da Yael ya taɓa shi, amma ba a rushe gini saboda bulo ɗaya, a sauya mata zare zuwa kore kawai a wuce wurin. Wasu iyayen sun faɗa mini a fili cewa in aka soke tsarin za su mai da yaransu makarantun ɓangarensu, kuma in suka tafi makarantar da nake alfahari da ita ta zama ta mutum iri ɗaya kamar sauran. In kuma na bar tsarin yadda yake, gobe Allah ya kiyaye wani abu ya faru, ban san wa na tsare ba, wa na miƙa. Ina tsoro, Goggo, kuma ina jin kunyar matar nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Shin in tashi a gaban taro in rushe abin da na gina, ko in gyara shi in yi shiru? Kuma da wane ido zan kalli Esther?

Taki,
Shugabar makaranta mai nadama, Rikkos, Jos.

Amsa

'Yar'uwata Malama, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin komai ina yi muku barka da Allah ya tsare yaran nan ranar Talata. Ban ga mugunta a abin da kika yi ba. Na ga mace da ta tsaya a tsakiyar fili tana kira ba mai amsawa, ta sha alwashin ba za a sake ba. Iyayen da ke son zaren su ma ba mutanen banza ba ne, sun ga abin da suka gani a garin nan, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Gaskiyarsu ce cewa hanyar komawa gida ita ce wurin haɗari a Jos. Kada ki shiga taron nan da niyyar kunyata su.

Amma tsarin ba mai gyaruwa ba ne, cire shi za ki yi gaba ɗaya, kuma ba don Yael kaɗai ba. Ki ajiye maganar tausayi a gefe, mu yi maganar tsaro zalla tunda ita ce iyaye za su saurara. Mutumin da ya hauro katanga da mugun nufi a garinku, abu na farko da yake nema shi ne ya gane wane ne wane. Yaran firamare cikin kayan makaranta iri ɗaya ba sa ganuwa, ke da kanki sai da kika durƙusa kina tambaya. Wannan rashin ganuwar kariya ce da Allah ya ba su kyauta, kika sayo ulu kika cire musu ita. Kin yi wa mai adda rabin aikinsa, kin kuma jera masa su layi biyu. Garin neman gira kenan a rasa ido. Shawarar Malam Natana'el ta a sauya wa yarinyar zare ba ta magance komai, sai ma ta koya wa 'yar shekara bakwai cewa sai ta ɓoye ko ita wace ce za ta tsira a makarantarta.

Kuskure na biyu shi ne fitar da yaran kansa. Ki tuna ranar Talata: waɗanda suka ji ciwo a guje suka ji shi, wadda ta ɓata a titi ta ɓata. Lokacin da gari ya rikice, aji mai ƙofar kirki da sakata ya fi kowane titi aminci. Saboda haka ki juya tsarin. In an hura usur, kowane yaro ya shiga ajinsa, wanda ke waje ya faɗa aji mafi kusa, malami ya sa sakata, a zauna a ƙasa nesa da taga, a kira suna. Malami ba ya fita ya bar ajinsa, wannan ki sa kowa ya yi miki alkawarinsa baki da baki, har da biyun nan da suka riga ɗalibansu gudu. A ajiye ruwan sha da kayan ɗaurin ciwo a kowane aji. Fita sai in zaman ya fi fitar haɗari, kamar gobara, kuma ko a nan aji-aji za a fita, kowane malami da yaransa duka.

Maganar komawa gida kuwa, Baba Badung ya riga ya ba ki amsa kika ce ba ta zamani ba ce. Ki koma ki zauna da shi da takarda. Kowane yaro a rubuta unguwar da yake kwana, da mutum biyu da iyayensa suka yarda su ɗauke shi, da lambar wayarsu. Ba a rubuta addini a takardar nan ba, in kuma akwai wata rajista da kika yi wa alama lokacin rabon zare, ki ƙona ta da hannunki. Yaro ba ya fita sai a hannun ɗaya daga cikin mutanen nan, ta ƙofa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, wanda ba a zo ɗaukarsa ba yana nan tare da ke ko da zai kai gobe. Ki samo wa dattijon nan mataimaki mai ƙarfi a jika da waya a hannu, shi kuma ya ci gaba da aikin da ba mai iya shi sai shi, wato sanin fuskoki. Ki je da ƙafarki wurin mai unguwa da limami da fasto na kusa da ku da ofishin 'yan sanda, ke da Malam Natana'el tare, ku karɓi lambobinsu su karɓi naku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwaji kuma a riƙa yin sa kowane zango, a sanar da iyaye tun kafin ranar, a faɗa wa yara a sauƙaƙe cewa koyon zama lafiya ake yi in an ji hayaniya.

A wurin taro kada ki jira wani ya taso da maganar. Ki tashi da farko ki ce ni na kawo zaren nan, kuma na gano kuskure ne. Ki ba su labarin wasan da kika gani ta taga, ki tambaye su wane ne a cikinsu ya biya kuɗin makaranta don ɗansa ya koyi wannan. Sannan ki ɗora musu sabon tsarin a gabansu dalla-dalla, domin mai tsoro ba ya sakin abin da ya riƙe sai an miƙa masa wani. Ki shawo kan Malam Natana'el tun kafin ranar, don a ji maganar daga bakinku ku biyu. Ba zan ruɗe ki ba, wasu za su cire yaransu. Ki yi musu sallama da mutunci, ki bar musu ƙofa a buɗe. Makarantar da ta ragu da yara ashirin tana iya cikowa, amma wadda yaranta suka saba kallon hannun juna kafin su yi wasa ta riga ta rabu ko da suna aji ɗaya.

Esther kuwa kada ki bari sai bayan taro, kuma kada ki aika kowa. Ki fara shiga wurin Maman Kausar ki gode mata, ki roƙe ta ta raka ki. In kin shiga, kada ki yi bayanin niyyarki, ta san niyyarki, ba ita ce ta yi mata ciwo ba. Kada kuma ki roƙe ta ta dawo da yarinyar ko ta fasa tashi, wannan shawararta ce, kuma ba ki da bakin sa mata baki a ciki yanzu. Ki ce kin yi kuskure, kin cire shi, kina neman gafara. Sannan ki nemi izini ki ga Yael, ki durƙusa daidai tsayinta, ki faɗa mata da bakinki cewa ba wanda za a fitar ta baya, kuma shugabar makaranta ce ta yi laifi, ba ita ba. Yarinyar nan ta yi tambaya, kuma ke kaɗai ce za ki iya amsa mata ta yarda.

Wataƙila ki tarar sun riga sun ɗaure kaya. In haka ne, ki ɗaura ɗamara ki kama musu ɗauka zuwa mota, ki raka su da addu'a, ki dawo ki riƙe sauran yaran da ke hannunki da kyau. Allah ya sanyaya zuciyar Esther, ya tsare Yael duk inda za ta yi karatu, ya ba ki ƙarfin tsayuwa ranar taro, ya kuma zaunar da Jos lafiya.

Goggo Hassana